Sharhi kan ziyarar babbar majami'ar Angilika ta Marina da unguwannin Tsibirin Legas

Babbar majami'ar ɗarikar Angilika da ke titin Marina a Tsibirin Legas, wadda sunanta a hukumance shi ne Cathedral Church of Christ, tana cikin gine-ginen da dubban mutane ke wucewa ta gabansu kowace rana ba tare da sun ɗaga kai sun dube su ba. Tana dab da tashar motar CMS, inda ma'aikatan bankuna da 'yan kasuwa da masu dako suke sauka da safe, kowa hankalinsa na kan abin da ya fito nema. A ganina ziyararta ta cancanci lokacin da za a ba ta, ko mutum Kirista ne ko Musulmi, amma da sharaɗi ɗaya: kada a ɗauke ta ita kaɗai. Majami'ar da harabarta ba za su ci wa mai ziyara sa'a guda ba, alhali unguwannin da ke kewaye da ita suna iya cinye masa yini, kuma sai an haɗa su biyun ake gane dalilin da ya sa ginin yake inda yake.

Hanyar zuwa ta yi sauƙi ƙwarai tun da jirgin ƙasa na cikin gari da ke tashi daga Mile 2 zuwa Marina ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Ana biyan kuɗinsa da katin Cowry, wanda shi ne ake amfani da shi a manyan motocin BRT, kuma daga tashar Marina zuwa ƙofar majami'ar tafiyar ƙafa ce. Wanda ya zo da motarsa kuwa ya shirya wa wahalar wurin ajiye ta, domin a ranakun aiki duk wani fili da ke gefen titi yana da samarin da suka mai da kansu masu shi, kuma ba sa barin mutum ya tafi sai ya ba su wani abu. An hana achaba a wannan yanki, saboda haka abin da ya rage shi ne danfo, ko jirgi, ko kwale-kwalen fasinja da ke tsayawa a mashigar ruwa ta CMS, ko ƙafa.

Daga waje ginin yana da kwarjini irin na tsofaffin majami'un Ingila: hasumiya mai kusurwa huɗu da agogo a jikinta, tagogi dogaye masu tsini a sama, da bango mai launin toka wanda iskar teku da hayaƙin motoci suka ƙara wa duhu. An aza harsashin cocin farko a wannan wuri a 1867, aka keɓe shi a 1869. Ginin da ake gani yanzu Bagan Benjamin ne ya zana shi, Yariman Wales wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas ya aza harsashinsa a watan Afrilu na 1925, ba a kuma kammala shi ba sai 1946. A wancan zamani titin Marina shi ne bakin ruwa, kuma wanda ya shigo Ikko ta jirgin ruwa hasumiyar tana cikin abubuwan da zai fara hangowa. Yanzu an cike bakin ruwan da yashi, an shimfiɗa manyan tituna da gadoji a kai, dogayen benayen bankuna sun tsaya mata dama da hagu har sun shafe ta. Wannan ya rage mata girma a ido, amma ya ƙara fito da shekarunta, domin duk abin da ke kusa da ita gilashi ne da kankare na jiya-jiya.

Dole mai ziyara ya sa a ransa cewa wurin ibada ya zo, ba gidan kallo mai tikiti da jagora ba. Akwai masu gadi a ƙofa, kuma ladabi shi ne a gaishe su, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izinin shiga da izinin ɗaukar hoto tun kafin a fito da waya. Ba a cire takalmi, amma namiji kan cire hula idan zai shiga ciki, abin da Bahaushe zai ji wani iri da farko tunda a wurinmu hula ita ce cikar kamala. Mata kuwa mayafi da ɗankwali ba su da wata matsala, hasali ma matan Yarabawa masu zuwa sujada da manyan gwaggwaro suke shiga. Idan an tarar ana cikin sujada, ko ɗaurin aure, ko addu'ar jana'iza, sai a zauna a baya a yi shiru, ko a fita a dawo.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a ciki shi ne bambancin da ke tsakanin ƙofa da titi. Taku kaɗan ne ya raba mutum da ihun yaran mota da hon ɗin danfo, amma kaurin bango da tsawon rufi sun sa ƙarar ta koma can nesa, iska kuma ta yi sanyi. Layukan bencin katako suna fuskantar bagade, ginshiƙai suna ɗauke da bakuna masu tsini a gefe biyu, hasken rana yana ratsowa ta gilasan tagogi masu launi yana zuba ja da shuɗi a kan daɓe. Na daɗe a gaban allunan tunawa da ke jikin bango, domin a nan ne ake karanta tarihin garin da sunayen mutane. Yawancinsu sunayen Turawa ne a kan 'yan Afirka, wato zuriyar bayin da aka 'yanta a Saliyo, waɗanda suka dawo ƙasar Yarabawa da ilimin boko da sana'a suka zama lauyoyi da likitoci da malamai da manyan 'yan kasuwar Ikko. Wannan majami'a tasu ce tun asali, kuma har yau ana ganin alamar haka a tsarin sujadarta da irin mutanen da ake yi wa biki ko jana'iza a cikinta.

Kiɗa shi ne abin da wurin ya fi shahara da shi, kuma a nan ne nake ba shi yabo ba tare da ragi ba. Ƙungiyar mawaƙanta ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma T. K. E. Phillips ya shafe kusan shekara hamsin yana jagorantarta daga 1914, sannan ɗansa ya gaje shi. A hannunsa Fela Sowande ya koyi kaɗa ogan kafin ya tafi Ingila ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu tsara kiɗa na Najeriya. Ogan ɗin da ake amfani da shi yanzu, wato babbar na'urar kiɗa mai bututu da iska ke busawa, kamfanin Oberlinger na Jamus ne ya ƙera shi, kuma ana lissafa shi cikin mafiya girma a ƙasar nan. Idan mai kaɗawa ya taka ƙananan muryoyinsa, mutum a ƙirjinsa yake jin sautin kafin kunnensa, kamar yadda ake ji idan an buga tambari kusa da mutum a ƙofar fada. Ba a jin ganga da rawa irin na sababbin coci-coci a nan. Waƙoƙi ne na littafi, a tsare, yawanci da Turanci, mawaƙa sanye da dogayen riguna suna shigowa a jere bayan gicciye. Wanda ya saba da hayaniya zai iya cewa abin ya yi sanyi da yawa, amma wanda ya nutsu zai gane cewa horo na shekaru ne ya samar da wannan daidaito.

Wurin da ya kamata Bahaushe ya fi tsayawa shi ne abin tunawa da Samuel Ajayi Crowther. An kama shi bawa yana yaro a garin Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace jirgin da ke ɗauke da shi a 1822 aka sauke shi a Saliyo, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay, daga bisani aka naɗa shi bishop a Kantabari a ranar 29 ga Yuni 1864, ya zama baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Ya rasu a Legas ranar ƙarshe ta shekarar 1891, bayan wasu matasan 'yan mishan Turawa sun ci mutuncin aikinsa da na ma'aikatansa 'yan Afirka a bakin Kwara. An fara binne shi a maƙabartar Ajele, da gwamnatin jiha ta tashi maƙabartar don yin gine-gine sai aka ɗauke ƙasusuwansa, kuma a 1976 aka kawo su wannan majami'a.

Dangantakarsa da Arewa ba ƙarama ba ce. Ya bi ayarin da Ingila ta aika cikin kogin Kwara a 1841 tare da James Frederick Schön, Bajamushen da ya duƙufa kan harshen Hausa har ya fitar da littafin nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876. Crowther ya sake hawa kogin a 1854 da 1857, ya kafa aiki a Lokoja, ya kuma yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida, wanda Musulmi ne. Ƙungiyar 'yan mishan ta CMS da ta aike shi ita ce daga baya ta aiko Likita Miller zuwa Zariya, aka kafa Wusasa, aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Wanda ya taɓa ganin tsohon cocin Wusasa, wanda aka gina da ƙasa bisa salon maginan Hausa, zai yi mamakin yadda ɗarika ɗaya ta haifi gine-gine biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, ɗaya yana kwaikwayon Ingila, ɗaya yana kwaikwayon zaure. Ni dai na Wusasa ya fi kwanta mini, domin ya fi dacewa da ƙasar da yake tsaye a kai, amma na Marina ya fi faɗin gaskiyar mutanen da suka gina shi da abin da suke so a ɗauke su.

Zaɓen rana yana da muhimmanci fiye da komai. Wanda yake son ya ga ginin a natse ya karanta allunan bango, ya zo da hantsi a tsakiyar mako. Wanda kiɗan ya kawo shi ya zo ranar Lahadi da safe, zai kuma sami wata riba, domin a ranar Marina da Broad Street suna zama wayam, ana iya tsayawa a tsakiyar titi a kalli hasumiyar ba tare da tsoron mota ba. Illar Lahadi ita ce yawancin shaguna da kasuwanni a rufe suke. Asabar ranar ɗaurin aure ce, harabar kan cika da motoci da masu anko. Naƙasun ziyarar a dunƙule shi ne duk wannan tarihi ba ya zuwa wa mutum da kansa. Wanda ya shigo bai san komai ba zai iya fita yana cewa coci ne kawai mai tsohon gini, don haka yana da kyau a karanta kaɗan kafin a zo, ko a nemi wani daga cikin ma'aikatan wurin a yi masa tambaya cikin ladabi.

Da an fito aka bi titin Odunlami da ke gefen majami'ar, za a tarar da benen kantin littattafai da 'yan mishan suka kafa, wanda yanzu ake kira CSS, sannan a faɗa Broad Street. A nan 'yan canji suke, kuma Hausa ce za ta fara shiga kunnen mutum kafin ya ga fuskokinsu. Idan aka yi hagu, tafiya kaɗan ce zuwa dandalin Tinubu, wanda aka sa wa sunan Madam Efunroye Tinubu, hamshaƙiyar 'yar kasuwar ƙarni na 19 da ta rasu a 1887. Dandalin kansa ƙarami ne, an kewaye shi da ƙarfe, ba ya buƙatar dogon tsayi. Abin takaici shi ne tsohon gidan Ilojo Bar mai salon Birazil da ke gefensa, wanda yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa, an rushe shi a 2016, kuma wannan shi ne halin da tsofaffin gidajen tsibirin suke ciki.

Daga Tinubu titin Nnamdi Azikiwe zai kai mutum babban masallacin Juma'a na Legas mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988 a gurbin wani tsoho. Musulmin da azahar ta riske shi a yankin ba shi da wata damuwa. Sai dai masallacin da ya fi cancantar a neme shi shi ne na Shitta-Bey da ke titin Martins, ƙarami, a matse tsakanin shaguna har mutum kan iya wuce shi. Mohammed Shitta, attajiri wanda shi ma a Saliyo aka haife shi, ya gina shi da kuɗinsa, magini ɗan asalin Birazil João Baptista da Costa ya jagoranci aikin, aka buɗe shi a watan Yuli na 1894. Gwamnan Legas na lokacin ya halarci bikin, haka nan Abdullah Quilliam, lauyan Libaful da ya musulunta, wanda ya kawo saƙon Sarkin Daular Usmaniyya Abdul Hamid na Biyu da lambar girma ga Shitta. Idan aka kalli fuskar masallacin da tayil ɗinta da ƙananan ginshiƙan samanta, aka tuna da majami'ar da aka baro, za a ga cewa mutane masu tushe ɗaya, waɗanda bauta ta watsa ta kuma dawo da su, su ne suka gina wa addinan biyu ɗakunan ibada a unguwa ɗaya. Wannan tafiya daga Marina zuwa Martins ita ce zuciyar ziyarar, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya bayan majami'ar, ita zan zaɓa.

Kasuwar Balogun ta mamaye duk titunan da ke wannan ɓangare, ba ta da ƙofa ba ta da iyaka. Atamfa da leshi da shadda da takalma da kayan kwalliya suna zube har kan kwalta, 'yan kamasho suna jan hannun mutum, masu baro suna ihun a ba su hanya. Waya da kuɗi su zauna a aljihun gaba, kuma ranar Alhamis ba a buɗe shaguna da wuri saboda tsaftar kasuwa. A wata bukar abinci da ke wani lungu a nan na ci amala da miyar ewedu mai kyau, amma da mai abincin ta ji harshena sai kuɗin nama ya tashi, don haka a tambayi farashi kafin a zuba.

Ɓangaren dama na Broad Street ya fi sarari. Titin Kakawa da dandalin Campos su ne tsakiyar unguwar Aguda, zuriyar waɗanda suka dawo daga Birazil da Kuba, kuma har yanzu akwai ragowar gidajensu masu ado a saman tagogi, ciki har da gidan iyalin Da Rocha da ake kira Water House. Gaba kaɗan akwai babbar majami'ar Katolika ta Holy Cross, sai kuma Freedom Park, wanda shi ne tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka. An tsare Herbert Macaulay a nan, wanda jikan Crowther ne ta wajen uwa, haka nan Obafemi Awolowo da jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu. Macaulay shi ne mai gashin baki da ke jikin tsohuwar naira ɗaya, kuma a Kano ciwon ajalinsa ya kama shi a 1946 yana rangadin siyasa. An mai da wurin lambu a 2010 bisa zanen Theo Lawson, an bar tsohon bangon da siffar ɗakunan fursuna, waɗanda ƙanƙantarsu ke sa mutum ya yi shiru. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, akwai inuwa da wurin zama da abinci, kuma shi ne wuri mafi dacewa a huta da tsakar rana.

Dandalin Tafawa Balewa yana gaba, da manyan dawakai da gaggafa a saman ƙofarsa. Shi ne tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a daren 1 ga Oktoba 1960. Yau tashar mota da shagunan sayar da tikitin jirgi sun kewaye shi, ban da girman tarihinsa babu abin kallo mai yawa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957 ta ƙoƙarin Kenneth Murray, ya fi shi amfani nesa. Akwai kayan tagulla na Benin da gumakan yumɓu na Nok, amma inda 'yan Arewa suka fi cincirindo shi ne gaban baƙar marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Hujojin harsashi suna nan a jikin ƙofofi da gilashi, kuma motar ta fi ƙanƙanta da sauƙi fiye da yadda mutum zai zaci motar shugaban ƙasa.

Daga Onikan an kusa Obalende, inda Hausawa suka daɗe da zama. Tarihinsu a wannan tsibiri ya kai zamanin John Glover, Baturen mulkin Legas, wanda a 1863 ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai da ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya, wato tun kafin a aza harsashin cocin farko na Marina. Da la'asar masu tsire suke hura wuta, akwai masu shayi da masallatan unguwa, kuma nan ne wuri mafi sauƙi da za a sami motar komawa kowane ɓangare na Legas. Wanda zai tsallaka gada ya yi ƙoƙari ya bar tsibirin kafin ƙarfe huɗu, domin da ma'aikata sun tashi gadojin Eko da Carter da Third Mainland duk cushewa suke yi; idan hakan bai samu ba, gara ya zauna ya ci tsirensa ya yi isha'i, sannan ya kama hanya.